Neman Kakannin Kulɓa a Cikin Buhun Dutse

Buhu uku aka ba ni ranar da na fara. Irin buhunan robar nan ne masu kauri da ake zuba tsakuwar gini, kowanne an ɗaure bakinsa da waya, an maƙala masa 'yar takarda da danshi ya fara cinye rubutunta. A ciki gutsattsarin dutse ne masu ruwan toka, wasu kamar dunƙulen hannu, wasu ba su wuce curin fura ba. Malamar da ke duba aikin digirina na biyu ta ce an kwaso su da izini, shekaru masu yawa da suka wuce, daga yankin Purbeck da ke kudancin Ingila, aka ajiye su har ƙura ta rufe saboda ba a samu mai lokacinsu ba. Ta ce in dai asalin kulɓa nake son sani, to ga wurin farawa, amma ba ta yi min alkawarin zan samu komai ba.

Ni kuwa kulɓa ce ta kawo ni. A gidanmu a Sakkwato akwai wadda ta mai da gindin randa wurin zamanta. Da hantsi za ta fito ta kwanta a kan danshin ƙasa, jikinta na sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa, da ka motsa sai ta sulale cikin itacen girki ba ka ga ta inda ta bi ba. Ƙananan kuma wutsiyarsu shuɗiya ce shar. An sha ja mana kunne kada mu taɓa ta, wai 'yar uwar maciji ce, cizonta ba magani. Sai da na girma na san ba ta da dafi ko kaɗan, na kuma san cewa danginta, waɗanda masana ke kira Scincidae, sun haura iri 1,500, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk ƙadangarun duniya. Babu nahiyar da ba su sai Antaktika. Akwai masu ƙafa huɗu sosai, akwai waɗanda ƙafafunsu suka tsuke har suka ɓace, akwai masu ƙwai, akwai masu haihuwa, akwai wadda ke ninƙaya cikin rairayin Sahara kamar kifi a ruwa. Dangi mai yawa haka, amma in ka tambayi yaushe suka faro, sai ka ga masana suna ta auna magana, domin ƙashin kulɓa siriri ne, da ta mutu yake watsewa, kuma ba kasafai dutse ke riƙe irinsa ba.

Kafin in taɓa buhunan sai da aka kai ni na ga inda suka fito. Gaɓar Durlston, kusa da garin Swanage a Dorset, tsauni ne da teku ke gaigaya, duwatsun sun jeru hawa-hawa kamar an tara tabarmi. Sai ruwa ya janye ake iya bin ƙasansa, da hular kwano a kai, don dutse na faɗowa ba sallama. Shekara miliyan 140 zuwa 145 da suka wuce, a farkon zamanin da ake kira Kiretashos, nan wurin tafkuna ne marasa zurfi a ƙasa mai zafi, wani lokaci ruwan daɗi, wani lokaci na gishiri, rani ya ƙafar da su damina ta cika. Da aka kwatanta min haka sai fadamun gida suka faɗo min a rai. A wannan tsauni ne wani Bature mai suna Samuel Beckles ya sa aka yi gagarumin haƙa a 1857, aka fito da ƙananan muƙamuƙai na dabbobi masu shayarwa da na ƙadangaru, waɗanda har gobe suna gidan adana tarihin halittu na Landan. Na tsaya ina kallon hawan dutsen da bai fi tafin hannu kauri ba, ina mamakin yadda mutane suka yi shekara fiye da 160 suna ta musu a kan abin da ke cikinsa.

Aikin farko shi ne narkar da dutsen. Dutsen Purbeck irin dutsen alli ne, ɗan uwan wanda ake fasawa a Kalambaina a yi siminti, kuma asid na cin sa. Ƙashi kuwa sinadarinsa daban ne, asid mai rauni bai cika yi masa illa ba. Wannan bambancin shi ne jarin sana'ar gaba ɗaya. Asid ɗin da muke amfani da shi shi ne dai mai sa ruwan khal tsami, a tsarma shi sosai, kashi 5 cikin 100 ko kusa da haka. Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ya nuna min yadda ake barbaɗa ɗan garin sinadarin ƙashi a cikin ruwan tukuna, don asid ɗin ya ƙoshi da shi kada ya juya kan ƙasusuwan da ake nema. Na zuba dutse kamar kilo biyu a bokiti, na tsiyaya ruwan a kai, nan take ya hau tsiyayar kumfa yana 'yar ƙara kamar an jefa kanwa a miyar yakuwa. Aka tura bokitin cikin akwatin da ke zuƙe tururi, aka ce in dawo jibi.

Ranar da na dawo, dutsen ya rage girma, ƙasan bokitin kuma ya tara laka. Ita lakar ce dukiyar. Ana tsiyaye ruwan a hankali, a kwashe lakar, sannan a jiƙa ta cikin ruwa mai tsabta, ana sauyawa. Dattijon ya ce in asid ya yi kwana biyu, to ruwa ya yi kwana shida, kada in rage. Bokiti biyu na farko na bi ƙa'ida. A na uku sai na ga lokaci na tafiya, ga sauran buhu biyu da rabi suna jira na, ruwan kuma na shinshina ban ji tsami ba, sai na tsame bayan kwana biyu na shanya. Da lakar ta bushe, wani farin gishiri ya tsiro a kanta kamar furfura. Ragowar asid ne da allin da ya narkar, kuma ba a sama kaɗai ya tsiro ba, har cikin ƙofofin ƙashi ya shiga ya buɗa su. A ƙarƙashin madubi na ga wani abu da babu shakka muƙamuƙi ne, ya tsage gida huɗu, haƙoran sun zube gefe kamar tsabar gero. Shekara miliyan 140 yana kwance lafiya, kwana huɗun da na ƙi jira suka hallaka shi. Na fita waje na yi kuka. Dattijon bai yi min faɗa ba. Ya ce in tattara gutsattsarin in rubuta abin da ya faru a littafin aiki, da kwanan wata, don wanda zai zo bayana ya san ba haka aka same shi ba. Na rubuta. Ban ƙara rage wa ruwa ko yini ɗaya ba.

Tankaɗe ba shi da wuya. Rariya uku ake jerawa, mai ƙofar milimita 2 a sama, mai 1 a tsakiya, mai rabin milimita a ƙasa, a sakar musu ruwa a hankali, ba a cuɗawa da hannu. Abin da kowace ta tare a shanya shi daban cikin tanda mai ɗumi kaɗan, a zuba a kwalba, a rubuta lambar buhu da ta bokiti. Daga buhu uku, abin da ya rage min bai cika mudu ba.

Sai tsinta, wadda ita ce ta cinye min wata huɗu. Akwai ɗan faranti baƙi mai faɗin tafin hannu, an zana masa layuka gida-gida. Za ka ɗebi yashin da bakin ƙaramin cokali, ka barbaɗa shi ƙwaya ɗai-ɗai yadda wata ba za ta hau kan wata ba, ka tura ƙarƙashin maikuroskof, madubin nan mai ido biyu da ke ƙara girman abu. Daga nan ka bi gida-gida, daga hagu zuwa dama, ka sauko layi na gaba ka komo. Abin ɗauka buroshin zane ne da aka rage wa gashi har ya saura 'yan silla, ka tsoma bakinsa a ruwa, ka taɓa abin da kake so, ya manne, ka ɗaga shi zuwa wani ɗan akwati mai murfin gilashi. Ba a numfashi da ƙarfi. Atishawa kuwa sai ka juya baya ka yi ta can nesa. Da na kwatanta wa Inna ta waya sai ta ce, "Ke 'yar nan, ashe tsintar shinkafa kika je yi har Ingila." Gaskiyarta. Hannun da ya saba fitar da tsakuwa daga shinkafa a kan faifai bai sha wuyar koyon wannan ba, illa dai a nan tsakuwar ake zubarwa da yawa, ƙwayar da ake nema kuma ƙila ɗaya ce a faranti hamsin.

Makon farko komai ƙashi ne a idona. Na cika akwati da abubuwan da na ɗauka taska ce, malamata ta duba ta mayar da kusan duka cikin yashi. A hankali ido ya waye. Ƙashin wurin nan launinsa ruwan zuma ne zuwa baƙi, yana da ɗan sheƙi, kuma inda ya karye za ka ga 'yan ƙofofi. Mafi yawa na kifi ne: ɓawo masu kusurwa huɗu masu ƙyalli kamar tangaran, da haƙora zagayayyu kamar maɓallin riga. Akwai ƙwanson wasu mitsitsin halittun ruwa masu kama da ƙwayar wake, dubbai, har sai da na daina ganinsu. Akwai haƙoran ƙananan kadoji, da ɓallin ƙoƙon kunkuru. Idanuna kan yi zafi bayan awa biyu, wuya ya ƙage. Na mai da lokutan salla ma'aunina: daga safe zuwa azahar faranti goma sha biyu, daga azahar zuwa la'asar shida, a lokacin hunturun can kuwa la'asar da magariba kusan a manne suke. Wata rana Baba ya kira ya tambaye ni wai me ake nema a ƙashin abin da ya mutu tun kafin a yi mutane. Na fara kame-kame, sai shi da kansa ya karanto min ayar nan ta Suratul Ankabut da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Ya ce, "To ki duba da kyau, kada ki faɗi abin da ba ki gani ba." Na riƙe wannan.

A mako na bakwai, ranar Laraba da hantsi, na ga shi. Yana kwance a gefen layi na huɗu, tsawonsa bai kai milimita 4 ba, wato bai kai ƙwayar shinkafa ba. Guntun muƙamuƙin ƙasa ne, da haƙora biyar a tsaye da guraben biyu da suka faɗi. Na juya shi da bakin buroshi don in ga cikinsa, hannuna na rawa. Abin da aka koya min in duba shi ne yadda haƙoran suka zauna. Na kada da na dabba mai shayarwa a cikin rami suke, kamar an dasa turke. Na ƙadangaren bango da na hawainiya a kan tsinin ƙashin suke manne. Waɗannan kuwa jingine suke a jikin bangon muƙamuƙin daga ciki, kamar an jera tabare a jikin katanga, wanda shi ne zaman haƙorin kulɓa da tsaka da yawancin ƙadangaru. Na ƙara girman madubin. Kan kowane haƙori ba tsini ba ne sak, ya ɗan yi faɗi kamar bakin kurfi, ya karkata ciki, kuma a fuskarsa ta wajen harshe akwai siraran zane-zane da suka haɗu a sama. Na daɗe ina kallo. Wannan bakin ya taɓa tauna ƙwari a bakin wani tafki, rana na dukansa, a lokacin da tekun Atilantika bai gama buɗewa ba. Ban kira kowa ba sai da na yi hamdala na rufe akwatin.

Kwana tara bayan haka, daga bokiti guda, sai ga abu na biyu: ɗan falle mai kusurwa huɗu, ya fi tsawo a kan faɗi, bai kai milimita 2 ba. Gefe ɗaya sumul, sauran fuskar da 'yan huji-huji. Sulken ƙashi ne. Wanda ya taɓa riƙe kulɓa ya san jikinta da tauri duk da santsinsa, dalili kuwa shi ne a ƙarƙashin kowane ɓawo na fatarta akwai fallen ƙashi, suna hawa kan juna kamar jinkar kwano. Sumul ɗin gefen nan shi ne inda na gabansa ke zamewa a kai in dabbar ta lanƙwasa. Haƙori irin na kulɓa, sulke a fata irin na kulɓa. Na tafi ofishin malamata kusan da gudu na ce mata na samu.

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ɗauko wata kwalba daga kabad, a ciki da guntun fatar kulɓar Afirka ta Yamma, 'yar gidan Trachylepis, wato dangin ta gindin randarmu. An jiƙa fatar a wani sinadari har ta zama garai-garai kamar leda, an kuma rina ƙashin da jan rini. Ta ce in sa a madubi in faɗa mata abin da na gani. Na gani kuwa, kuma ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Kowane sulke zagayayye ne kamar ɓawon kifi, kuma ba falle guda ba ne: ƙananan gutsattsari ne aka harhaɗa, layi a gaba, layi a baya, da 'yan tsaka-tsaki, da siraran ɗinki a tsakaninsu, kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke ta da kyau. Saboda wannan ɗinkin ne sulken ke lanƙwasa, kulɓa ta kurɗa ramin da ba ka zata ba. Na mayar da nawa ƙarƙashin madubin. Falle guda ne, mai kusurwa, ba ɗinki ko ɗaya. Ta ce to me na samu? Na yi shiru, domin na riga na san amsar. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ke hannuna ɗan wani dangi ne da ake kira Paramacellodidae. Masanin Faransa Robert Hoffstetter ne ya raɗa sunan Paramacellodus, jinsin da dangin ya ci sunansa, a 1967, bayan ya sake duba ƙasusuwan Purbeck ɗin nan da aka tara tun ƙarni na 19. Daga baya aka yi ta samun irinsu a wurare masu nisa da juna: mahaƙar kwal ta Guimarota a Fotugal, yammacin Amurka, Sin, Japan, Kazakistan, Burazil, da Anoual a Maroko, har da Tendaguru a Tanzaniya. A ƙarshen zamanin Jurasik, wanda ya gabaci Kiretashos, da farkon Kiretashos ɗin su ne ƙadangarun da suka fi bazuwa. Yawancin masana na ajiye su kusa da gindin reshen da ya haifar da kulɓa da 'yan uwanta na kusa, wato ƙadangarun nan masu sulke na gidan Cordylidae da Gerrhosauridae. Ke nan ba kulɓa ba ne, ba kuma lallai kakanta na kai tsaye ba, sai dai a ce ɗan gidan kakanni. Akwai ma masu ganin sunan dangin ya zama jakar magori, duk ƙaramin muƙamuƙi mai irin wannan haƙori da aka rasa inda za a kai shi sai a jefa ciki. Ni ma bayan na karanta bayanan da aka yi a kansu na fi karkata ga wannan ra'ayi, domin haƙorin cin ƙwari kusan kamanninsa ɗaya ne a gidaje da yawa, kuma muƙamuƙi da sulken da aka tsinta a bokiti ɗaya ba shaida ba ce cewa daga jiki ɗaya suka fito. Nawa ma ban isa in rantse a kan hakan ba.

Na yi kwana biyu raina a jagule. Abin da ya warware min shi ne ganin cewa manyan da suka fi ni kayan aiki su ma da wannan igiyar suke ɗaure. Asalin ƙadangaru gaba ɗaya ya yi nisa ƙwarai: Megachirella, da aka samu a tsaunukan arewacin Italiya, shekararsa wajen miliyan 240, kuma a 2018 aka nuna cewa daga gindin zuriyar ƙadangaru da macizai yake. A 2022 aka bayyana Eoscincus da Microteras daga duwatsun Jurasik na yammacin Amurka, masu shekara kusan miliyan 150, aka ce suna kan hanyar zuwa kulɓa da danginta, amma ba su iso ba. Wanda ya fi kusa da abin da na yi mafarkin samu shi ne Electroscincus, da aka bayyana a 2024, mai shekara miliyan 99, wanda ya maƙale a cikin ƙaron itace da ya daskare a ƙasar Miyanma. Ƙaro ya riƙe fatarsa, aka ga sulken nan mai ɗinki a jikinsa. Sai dai ƙaron Miyanma na da nasa nauyin, don daga yankin yaƙi yake fitowa, har ƙungiyar masana ɓurɓushin dabbobi masu ƙashin baya ta nemi a 2020 a dakata da wanda aka saya bayan tsakiyar 2017. Tsakanin nawa da Electroscincus akwai shekara miliyan 40 da ɗoriya, kuma a cikinsu ne wani abu ya faru da sulke ya tashi daga falle guda ya koma ɗinkakke. Ostireliya ma, da ta fi ko'ina yawan kulɓa a yau, mafi tsufan ƙashin kulɓar da aka samu a can, Proegernia, bai wuce shekara miliyan 25 ba.

Mataki na ƙarshe shi ne sikanin. Na'urar 'yar uwar ta asibiti ce da ake ɗaukar hoton cikin kai, sai dai tata ƙarama ce, kuma abin ne ke juyawa ba na'urar ba. Na sa muƙamuƙin cikin ɗan bututun roba, na tokare shi da soso don kada ya motsa, bayan na shafa masa ɗan gam mai ruwa-ruwa a inda ya fara tsagewa. Awa uku tana aiki. Sannan na yi mako biyu a gaban kwamfuta ina bin hotunan falle-falle, fiye da dubu, ina shafa wa ƙashi launi ina barin laka. Da na gama sai ga shi a allo ya kai tsawon hannuna, ina juya shi yadda na so. A gindin haƙori na uku akwai ɗan rami, a cikinsa kuma wani sabon haƙori ya fara tsirowa, bai kai ga fitowa ba dabbar ta mutu. Yawancin ƙadangaru haka suke sauya haƙora muddin ransu. Wannan ɗan haƙorin ya fi komai taɓa ni a duk aikin.

Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ina tsinta, kuma shi nake son masu karatun ilimin ƙasa a gida su ji. 'Yan uwan kulɓa mafi kusa, masu sulken nan, a yau Afirka da Madagaska kaɗai ake samunsu. Reshen da ya fara rabuwa da sauran kulɓoɓin duniya, wasu marasa ƙafa da ake kira Acontinae, shi ma a Afirka yake, galibi kudancinta. Duk mai hankali zai ce to a nemi tsofaffin ƙasusuwan a Afirka. Amma abin da aka samu na ƙananan ƙadangarun wancan zamani a nahiyar bai taka kara ya karya ba, in aka kwatanta da na Turai da Amurka da Sin. Ni ban yarda babu su ba ne. Ba a tankaɗa ba ne yadda ya kamata. Ƙasarmu ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Goronyosaurus, ƙaton ƙadangaren teku da ya rayu a ƙarshen Kiretashos, sunan Goronyo ya ɗauka, daga duwatsun Sakkwato aka haƙo shi, tun lokacin da teku ya ratsa Sahara ya kwanta a inda muke noman gero yanzu. Su dai waɗannan duwatsun na teku ne, ba nan za a fi sa ran ƙadangaren tudu ba. Amma Gadoufaoua, a hamadar Tenere ta Nijar, shimfiɗar tsofaffin koguna ce mai shekara sama da miliyan 110, wato a tsakiyar giɓin nan da na ambata. Daga can aka fito da Ouranosaurus da Nigersaurus, manyan dabbobin da da ake kira dainoso, da ƙaton kadan nan Sarcosuchus. Wanda ya yi tafiyar kwanaki cikin hamada da ruwan sha a ƙididdige, ya ga ƙaton ƙashin cinya a gabansa, ba zai tsaya tankaɗe yashi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai aikin da na yi wata huɗu ina yi, in ka cire sikanin, ba ya bukatar abin da ya fi ƙarfin jami'o'inmu: bokiti, rariya, asid ɗin khal, madubi mai ido biyu, da mutumin da zai zauna. Samun izini da tsaron hanya su ne masu wuya, na sani. Amma buhu ashirin na yashin da ya dace, a ajiye a Yamai ko Sakkwato, zai ba ɗalibai aikin shekaru, kuma abin da aka samu ya zauna a gida.

Daga buhunan nan uku, abin da na fitar na ƙadangare shi ne guntun muƙamuƙi uku, har da wanda na fasa, da sulke goma sha ɗaya, da gaɓar ƙashin baya guda biyu. Duka za su zauna a kan farcen babban yatsa. Ranar da zan miƙa su, dattijon ya ba ni 'yan katuna da alƙalami mai tawadar da ba ta kwaranyewa. Na rubuta lamba, da wurin da aka samo, da hawan dutsen, da sunana a matsayin mai tsinta. Da na zo layin suna na ɗan dakata, sannan na rubuta Paramacellodidae, na bi shi da 'yar alamar da ke nufin ba a tantance jinsi ba. Malamata ta duba katin, ta gyaɗa kai, ta sa hannu. Aka jera akwatunan a aljihun kabad na ƙarfe, aka tura shi ya rufe.

Da yamma ƙanena ya turo min hoto daga gida. An sauya randar da ta roba, amma wata kulɓa na kwance a danshin gindinta, wutsiyarta guntuwa, sabuwa ta fara tohowa. Na ce masa in mage ta kashe wata kada ya yar, ya sa min ita a kwalba da sifirit ya rubuta ranar da wurin, ina son in rina fatarta da hannuna in na dawo. Ya ce Inna ta ce ba a ɗakinta ba. Muka shirya a kan zai ajiye a zaure, bayan buhunan gero.